Kawu Sito da Ledar Gindin Fanka

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya yana riƙe da makullin sito a wani ofishi, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa kama shi da ɓatan ko allura ba. Wannan shi ne abin tinƙahonsa, kuma gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne, babu kuma wanda ya taɓa samun allurar daga hannunsa cikin daɗin rai. Sunansa na yanka ya ɓace tun kafin a haife ni. Ofis da unguwa kowa Sito yake ce masa, mu ’yan gida mu ce Kawu Sito, shi kuma ya amsa kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Yau kwana goma da abin da ya sami Auta, ’yarsa ta ƙarshe. Har yanzu in na ji ƙarar leda sai gabana ya faɗi. Umma, matar Kawu, ta ce in daina maimaita zancen a gida, shi ya sa na kawo shi takarda.

A hannun Kawu na tashi, tun ina aji uku da mahaifina ya rasu. Idan an tashi makaranta nakan biya ofishinsu in jira shi mu tafi gida tare, don haka na ga aikinsa da idona. Ɗaki ne dogo marar taga, kantoci har rufi, kowane kaya a kwalinsa, kowane kwali fuskarsa na kallon ƙofa. Ma’aikaci zai zo da takarda mai sa hannun shugaba yana neman biro ɗaya. Kawu zai ce ya kawo tsohon. Ya karɓa, ya hura masa numfashi, ya goga a bayan takardar mutumin har ya samu ɗan layi ya fito, ya miƙa masa abinsa.

“Da sauran ransa. Ka dawo wani watan.”

Injinan buga takardu goma sha biyu aka taɓa kawo masa. Suna nan a kwalinsu har duniya ta bar yayinsu. Da aka kawo kwamfutoci, su ma sai da suka tsufa a kanta kafin a ƙwaci rabinsu daga hannunsa da takardar gargaɗi. Amma duk sa’ad da masu bincike suka zo, sukan tarar da komai cif, har su ba shi takardar yabo. Tana nan rataye a falonmu, cikin leda.

Leda kuwa ita ce addinin gidanmu na biyu. Kujerun falo an saye su shekara ashirin da shida da suka wuce, kuma ba wanda ya taɓa jin laushin yadinsu. In baƙo ya zauna da zafi, sai ya miƙe da ƙara kamar an ɓare filasta, bayan rigarsa sharkaf. Rimot ɗin talabijin a leda yake, an ɗaure da roba, lambobinsa sai dai ka danna da tsammani. Tabarau ɗin Kawu har gobe akwai ’yar takardar shago manne a gefen gilashin. Agogon da aka ba shi ranar ritaya bai taɓa ganin wuyan hannunsa ba. Yana da magana guda da yake ja kamar karatu:

“Kaya ba ya tsufa. Hannun ɗan Adam ne ke tsufar da shi.”

Umma takan ce, “To ni ma da ka bar ni a ledata, Malam, da yanzu ina nan sabuwa.”

Ba ya dariya. Ina jin har ransa yana ganin da ma an yi hakan.

Auta shekararta goma sha bakwai, kuma Allah ya ba ta hannu a wasan tseren mota na kwamfuta. A shagon wasa na ƙarshen layinmu ta koya, ita kaɗai mace cikin samari, har suka daina yi mata dariya suka koma tsayawa a bayanta suna kallo. Kamfanin da ya yi wasan ya shirya gasa ta intanet. Dubbai suka shiga, aka yi ta zubarwa har saura goma sha biyu, da Auta a ciki. Uku na farko a wasan ƙarshe za a ɗauke su horon shekara guda kan ƙera wasanni, kyauta. Ranar Asabar ne da ƙarfe huɗu na yamma, tsere uku a jere. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta taɓa neman wani abu a gidan ba sai wannan.

Saura mako guda tela maƙwabcinmu ya zo taya Kawu murna, a nan Kawu ya fara jin inda ’yarsa take wuni. Ya rantse ba za ta ƙara taka shagon nan ba. Umma ta tsaya masa kwana biyu, ba abinci mai daɗi, ba gaisuwa mai daɗi. A rana ta uku ya kira mu falo ya yanke hukunci.

“In kwamfuta ce, a gidan nan za a haɗa ta. Kwamfuta ɗari biyu da arba’in suka ratsa hannuna.”

“Kwalinsu dai,” in ji Umma.

Sabuwa ta fi ƙarfin fanshonsa, sai dai a tsinto gunduwa-gunduwa a haɗa. A nan aka tuna da ni. Wata takwas ke nan da na gama digiri kan ilimin kwamfuta, ina zaune ba aiki, Kawu yana kirana Malam Digiri, yana jan sunan yadda ake jan na wanda ya ci amana. Na rubuta abubuwan da ake bukata, ranar Litinin muka nufi kasuwa wurin Dogo.

Dogo sana’arsa farke tsofaffin kwamfutocin ofisoshi ya sayar da kayan cikinsu. Shagonsa a saman bene yake, bai fi tabarma biyu ba, wayoyi na reto daga rufi, kayan ciki tsirara a cikin baho kamar kifi. Da Kawu ya leƙa bahon sai ya dafe ƙofa.

“Haka kake barin su? Kowa ya zo ya taɓa?”

“Baba, ai da taɓawa ake sanin mai rai,” in ji Dogo.

Ya zaɓo mana babban allon da komai ke hawa kansa, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, wata ’yar aba mai faɗin akwatin ashana. Ya haɗo ram biyu, wato sandunan da injin ke riƙe aiki a cikinsu, da ba uwa ɗaya ta haife su ba, da katin hoto wanda fiffiken fankarsa guda an liƙe shi da gam, da akwatin wuta, da gangar jikin da za a zuba su, gefenta a lotse. Kowanne sai da ya jona ya gwada a gabanmu. Ya ce ba za ta yi gudun na masu kuɗi ba, amma wasan Auta za ta ɗauke shi tsaf. Abu ɗaya ne ba shi da tsohonsa mai kyau, fankar sanyaya furosesa. Ya sauko da sabuwa dal a kwali, ba a taɓa buɗewa ba. Tun shigarmu shagon sai a lokacin na ga fuskar Kawu ta saki. Ya karɓe ta ya rungume a ƙirji.

Dogo ya ce, “Baba, akwai ’yar leda a gindinta, a ɓare kafin a ɗora. An ma rubuta da ja.”

“Yaro, kafin a haife ka nake karɓar kaya.”

Dogo ya dube ni. “Digiri, kai dai ka ji.”

Na ji. Wallahi na ji.

Talata da safe, Auta tana makaranta, muka shimfiɗa jaridu a teburin falo. Ni ke haɗawa, Kawu na tsaye a kaina da rula a hannu, ya jera kusoshi daga ƙarami zuwa babba kamar za a yi musu fareti. Komai ya tafi daidai har muka zo kan fanka. Ga wanda bai sani ba, furosesa in tana aiki zafi take kamar dutsen guga. Fankar tana da gindin ƙarfe da dole ya kwanta a kanta fata da fata, da ɗan wani man shafawa a tsakani, don ƙarfen ya zuƙe zafin, fanka ta kore shi. Ledar da ke gindin nan don kada ya ƙwarzane a hanya ce kawai. Na sa farce a gefenta. Rula ta sauka a bayan hannuna.

“Me za ka yi?”

“Kawu, cirewa ake yi. Ga shi an rubuta.”

“Wa ya rubuta? Masu son ta lalace ka dawo ka sayi wata. In ta ƙi aiki, wa zai karɓi abin da aka ɓare?”

“Zafi ba zai fita ba, Kawu.”

“Ledar da ba ta kai ɓawon albasa kauri ba ce za ta hana ƙarfe sanyi? Wannan ne aka koya maka shekara huɗu? Abu guda sabo a cikin tarkacen nan, shi za ka fara lalatawa. Ɗora ta haka.”

Na ɗora ta haka. Na ɗaure kusoshi huɗun da hannuna. Na ce a raina in ya fita zan kwance in cire, aikin minti biyar ne. Na manta cewa mai ritaya ba ya fita, kuma mai sito ba ya barin makulli. Kafin azahar ya ɗauko babbar ledar da firji ya zo da ita shekaru tara baya, tana ninke ƙarƙashin gadonsa, ya zura kwamfutar ciki, ya naɗe da salatif. Ya huda ƙofa ɗaya ta wayoyi, ɗaya ta maɓallin kunnawa. Duk ramukan iska ya rufe su ruf. Ya kafa doka cewa minti goma sha biyar za a riƙa kunna ta a rana, kada ta gaji kafin Asabar. In zai shiga ko wanka ne, sai ya kulle falo ya sa makullin a aljihu.

Abin takaicin shi ne, a minti goma sha biyar ba ta nuna halinta. Auta ta dawo makaranta ta ga motarta na gudu a falon ubanta, ta yi tsalle ta rungume Umma, ta durƙusa ta gode wa Kawu, ta ce mini, “Yaya, ashe digirin nan yana da rana!” Ranar Alhamis ta ɗan karkata kunne ta ce, “Yaya, me ya sa take huci haka?”

Na ce, “Haka suke yi.”

Juma’a da safe na sake gwadawa. Na same shi yana goge ledar kujera da tsumma, na durƙusa na ce don Allah ya ba ni minti biyar da injin. Bai ko juyo ba.

“Kwana uku tana aiki. Kai wata takwas kana zaune. Tsakanin kai da ita wa zai gyara wani?”

Na tashi na fita. Da na faɗa wa Umma, da ta fasa ƙofar falon da taɓarya. Da na faɗa wa Auta, da ta san abin yi. Ban faɗa wa kowa ba. Na yi ta lallashin kaina cewa ai ledar siririya ce, wataƙila Kawu ya yi gaskiya.

Ranar Asabar Kawu ya gayyato shaidu. Ga tela, ga mai wankin layinmu, ga wani tsohon masinjan ofishinsu da har yau yake ce masa ranka ya daɗe. Kawun da mako guda baya ya ce wasa aikin ’yan iska ne, shi ne ya tsaya yana yi musu bayani, yana nuna ƙunshin leda da rula.

“Duk abin da kuka gani a nan, a gabana aka ɗaura shi. Ba kuɗi ba ne. Kula ce.”

Auta ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta sa abin ji a kunne. Tsere na farko ta zo ta biyu. Na biyu ta zo ta ɗaya, ta wuce wani a kwanar ƙarshe da tazarar da ba ta kai taƙi ba. Mai wanki ya miƙe tsaye yana ihu, kujera ta yi ƙarar ɓarewa a bayansa. Tela da bai san gaba da bayan wasan ba yana ta cewa, “Taka shi, ’yar nan! Taka shi!” Umma na bakin ƙofa, hannu a baki. Aka nuna jadawali, Auta ce a sama. A tsere na uku ko ta biyar ta zo ta shiga.

Ni ba allon nake kallo ba. Minti talatin da biyar ke nan injin na kunne. Fanka tana kuka kamar injin niƙa, ledar firjin ta kumbura ta yi laushi, falon ya ɗauki warin roba mai ɗumi.

Aka fara na uku. A zagaye na biyu hoton ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Ya sake tsayawa. Motar Auta ta goga bango, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ba ta ɗauke ido daga allon ba ta ce, “Yaya.”

Na miƙe zan yaga ledar ko iska ta shiga.

“Kada ka taɓa,” in ji Kawu.

Na tsaya. Wannan tsayuwar ce ke hana ni cin abinci har yau.

Tana ta huɗu aka shiga zagayen ƙarshe. Motar ta riƙa tafiya tana tsalle-tsalle kamar mai ɗingishi, sannan allon ya yi baƙi. Fanka ta yi shiru. Sai a lokacin muka ji ƙarar agogon bango.

“An ɗauke wuta ne?” in ji Kawu, fankar rufi tana juyawa a saman kansa.

Na danna maɓalli. Ta taso, ta sake mutuwa. Kafin ta huce ta yarda ta tsaya, an gama tseren. Dokar gasar ita ce wanda ya fita a tsakiya ba shi da maki ko ɗaya. Saƙo ya shigo wayar Auta, ta karanta ta ajiye a tebur. Ta biyar cikin goma sha biyu. Uku ake ɗauka.

Kawu ya gyara murya ya dubi baƙinsa. “Ga abin da nake faɗa kullum. Kayan da hannu ya gama taɓawa. Wancan dogon yaron na kasuwa zai gamu da ni.”

Masinja ya ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe.”

A nan bakina ya buɗe, bayan buɗewar ba ta da amfani. Na faɗi zancen ledar gindin fanka, da abin da Dogo ya ce, da rula, da komai. Auta ta cire abin jin daga kunnenta ta juyo, amma ba ubanta ta kalla ba.

“Ka sani, Yaya?”

“Tun Talata.”

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗakin Umma ta fito da almakashi. Ta tsarge ledar firjin daga sama har ƙasa, zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Ta miƙo mini hannu, na gane, na kwance murfin, na kwance kusoshi huɗun nan, na ciro fankar na ba ta. Ledar tana nan, ta yamutse, man shafawa ya dame jan rubutun. Ta ɓare ta da yatsa biyu ta ajiye a gaban ubanta.

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta yanke robar rimot ta zare shi. Ta ɓare ledar da ke gefen talabijin. Ta zo kan kujeru, baƙi suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna matsawa bango. Kawu yana cewa, “Ke! Ke! Auta!” amma ƙafarsa ba ta motsa ba. Ta farke ta doguwar kujera ta janye.

Wari ne ya fara fitowa. Yadin da aka yi shekara ashirin da shida ana tanadi ya yi baƙin tabo ko’ina, zufar baƙi da damshi sun shiga ta ɗinki sun rasa hanyar fita. Mai wanki ya taɓa da yatsa, yadin ya rabe, soson ciki ya zubo kamar busasshen burodi. Umma ta tako a hankali ta zauna a kai. Kujerar ta lotsa da ita har kusan ƙasa. Ta yi ta dariya har hawaye na bin kumatunta.

“Yau dai na zauna a kujerata, Malam.”

Kawu ya ɗauki fankar daga tebur ya kai bakin taga, ya ɗaga tabarau, ya juya gindin ƙarfen a hasken yamma. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya juyo yana nuna mana.

“Kun gani ko? Ko ƙwarzane babu. Sabuwa ful.”

Tela ya fita ba sallama. Ko masinjan bai ce gaskiya ne ba.

Washegari na kai wa Dogo injin. Ya goge, ya shafa sabon mai, ya ɗaure, ya kunna wasan ya bar shi awa huɗu. Ko tari ba ta yi ba. Na dawo da ita falo na ajiye. Auta ba ta taɓa ta ba. Shagon ƙarshen layi ma ba ta koma ba, ko da yake yanzu ba wanda zai iya hana ta. Tana gaishe ni da safe, gaisuwar da ake yi wa baƙon uba. Na rubuta wa masu gasar wasiƙa har biyu ina bayani, suka amsa da godiya, suka ce sakamako ya riga ya fita.

Kawu kuwa ya tattara duk ledojin da aka farke, ya goge, ya ninke, ya mayar ƙarƙashin gado. A unguwa yana ba da labarin cewa yaran zamani ba su da haƙuri, kuma da an bi dokar minti goma sha biyar da ba a kai ga haka ba.

Jiya da safe na same shi a falo da sabon naɗin leda da salatif, yana auna kwamfutar da taƙi. Auta ta fito da jakar makaranta a kafaɗa, ta tsaya ta dube shi.

“Ka rufe ta da kyau, Baba. Babu mai taɓa ta kuma.”

“Yawwa,” in ji Kawu, yana yanko salatif da haƙori. “Kin fara hankali.”